Florence Nightingale: Matar da ta matso da mai tsananin ciwo kusa da idon nas

Duk ranar 12 ga watan Mayu, in ka leƙa Facebook ko WhatsApp, za ka ga hoton wata Baturiya riƙe da fitila yana ta yawo, ana taya ma'aikatan jinya murnar ranarsu ta duniya. Yawancinmu mu danna alamar so ne kawai mu wuce. To sunan matar Florence Nightingale, kuma ranar haihuwarta ce aka mayar ranar nas-nas. Fitilar nan kuwa ita ce mafi ƙanƙanta a labarinta. In kana son ganin ainihin gadon da ta bari, ka dubi sashen kulawa ta musamman na asibiti, wanda aka fi sani da ICU, inda ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa.

An haife ta a shekarar 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, shi ya sa ma aka raɗa mata sunan garin. Iyayenta Turawan Ingila ne masu hannu da shuni. Mahaifinta da kansa ya koya mata harsuna da tarihi, ita kuma ta nace sai da ta yi nisa a lissafi. Ka riƙe maganar lissafin nan, za mu dawo kanta. A zamanin, abin da ake jira daga budurwa irinta shi ne ta auri mai kuɗi ta zauna a gida. Aikin jinya kuwa kallon aikin marasa galihu ake yi masa, babu makaranta, babu daraja. Da ta ce shi take so, gidansu ya yi tsalle ya dire. Ta yi shekaru tana fama da su kafin a 1851 ta samu ta tafi Kaiserswerth a Jamus ta yi horo na 'yan watanni. A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

A shekarar ne yaƙin Kirimiya ya ɓarke tsakanin Rasha da daular Turkawa, daga baya Birtaniya da Faransa suka shiga ɓangaren Turkawa. Jaridar The Times ta Landan ta riƙa buga rahoton yadda sojojin Birtaniya da suka ji rauni ke mutuwa a wulaƙance, hankalin jama'a ya tashi. Sai Sidney Herbert, jami'in gwamnati mai kula da harkar yaƙi, ya nemi Florence ta je. A watan Nuwamban 1854 ta sauka a Scutari, wata unguwa da ke cikin birnin Istanbul na yanzu, tare da mata 38.

Abin da suka tarar ba ya jin daɗin faɗa. Tsohon barikin soja ne aka mayar asibiti. Majinyata jere a ƙasa, ƙwarƙwata da ɓeraye ko'ina, ga ƙarancin sabulu da bargo da abinci, ga magudanan ƙazanta a toshe a ƙarƙashin ginin. Likitocin soja da farko ma ba su yi maraba da matan ba. Sai da aka fara kwararo waɗanda suka jikkata a gumurzun Inkerman, aiki ya fi ƙarfinsu, sannan suka buɗe musu ƙofa. Florence ta sa aka sayo burushin wanke ƙasa, ta buɗe wurin wanki, ta tsara girkin marasa lafiya, ta riƙa rubuta wa iyalan waɗanda suka rasu wasiƙa. Da dare kuma ta ɗauki fitila ta bi gado-gado. Daga nan laƙabin Mai Fitila ya samo asali.

Ga abin da masu tarihin fannin kulawa ta musamman suka fi tunawa da ita a kai. Majinyata dubbai ne, masu jinya 'yan ƙalilan, babu yadda za a yi a sa wa kowa ido daidai wa daida. Dabarar da ake jingina mata ita ce ta ware waɗanda jikinsu ya fi tsanani, ta matso da su kusa da inda nas-nas ke zama. Ka ga kamar ba wani abu ba ne, ko? Amma ka yi tunani. Mai tsananin ciwo kan canza cikin 'yan mintuna: numfashi ya yi sama-sama, jiki ya yi sanyi, ido ya juye. In yana can ƙarshen ɗaki, sai gari ya waye a tarar da gawa. In yana gaban nas, za a gani da wuri a yi wani abu. Har gobe a kan wannan tunani aka gina ICU.

Sai dai kada wani ya ce maka zuwanta kawai ya tsayar da mace-mace. A hunturunta na farko a Scutari sama da sojoji 4,000 suka mutu a can, kuma mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba. Taifot ne da kwalara da atuni da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Sai a watan Maris na 1855, da gwamnati ta turo kwamitin tsafta ya yashe magudanai ya buɗe hanyoyin iska, sannan adadin ya faɗo sosai. Ita kanta a watan Mayun shekarar zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita, kuma ba ta ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ƙarshen rayuwarta.

Da ta koma gida a 1856 ta riga ta yi suna a duk Ingila. Wata ce da sai ta zauna ta ci moriyar sunan. Ita kuwa sai ta koma kan lissafinta. Tare da masanin ƙididdiga William Farr ta bi alƙaluman mace-macen sojojin, ta fitar da wani zane mai da'ira da aka raba gida 12, kowane gida wata guda. Shuɗi na nuna waɗanda cuta ta kashe, ja waɗanda rauni ya kashe, baƙi kuma sauran dalilai. Ko wanda bai iya lissafi ba yana kallo zai ga shuɗin ya mamaye komai. Da irin wannan hujja ta matsa wa hukuma lamba aka gyara tsarin lafiyar soja, kuma ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta karɓa a matsayin mamba.

Littafinta Notes on Nursing ya yi magana kan iska da haske da tsafta da abinci da yawan wanke hannu, har da babi guda kan yadda ake lura da majinyaci. A wajenta nas ba 'yar aike ba ce, mai ilimi ce da aka horar ta san abin da za ta duba, ta gane ko jiki na sauƙi ko yana tsananta, ta kai rahoton da babu kame-kame a ciki. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan da kuɗin da jama'a suka tara mata, ɗalibanta suka bazu ƙasashe suna kafa irinta. Mafi yawan wannan aiki daga ɗakinta ta yi shi, sau da yawa a kwance. A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar Order of Merit. Ta rasu ranar 13 ga Agusta 1910 tana da shekara 90.

Ba ta ga ICU da idonta ba, amma waɗanda suka zo bayanta hanyarta suka bi. A 1923 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Walter Dandy ya ware gado uku a asibitin Johns Hopkins na Amurka don waɗanda aka yi wa aiki, da nas-nas na musamman a kansu. A 1952 annobar shan inna ta afka wa Kopenhagen, babban birnin Danmak, majinyata suka kasa numfashi, na'urori suka yi kaɗan. Bisa shawarar likita Bjørn Ibsen, ɗaliban likitanci suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar roba da hannu suna hura musu iska. A 1953 Ibsen ya buɗe sashen da ake ɗauka shi ne ICU na farko.

Yau nas ɗin wannan sashe majinyaci ɗaya ko biyu kawai take riƙewa, mace ce ko namiji. Kusan duk awa tana rubuta bugun zuciya, awon jini, numfashi, zafin jiki, yawan iskar oksijin da yawan fitsari. Tana lissafa maganin da ke ɗiga cikin jijiya, tana zuƙe majina daga bututun numfashi, tana juya majinyaci kada bayansa ya yi gyambo. Na'ura ƙara kawai ta iya. Nas ce za ta gane ko waya ce ta zame ko zuciya ce ke shirin tsayawa, kuma galibi ita ce farkon mai danna ƙirji kafin likita ya iso.

Don haka ke da kike son lissafi da kimiyya, da kai da kake ganin jinya kwas ɗin wanda bai samu likitanci ba ne, ku sake tunani, aiki ne da ke neman kaifin ƙwaƙwalwa. Ranar da kuma ɗan'uwanka ke kwance a wannan sashe nas ta ce ka wanke hannu, ko ta ce mutum ɗaya kaɗai zai shiga, kada ka ɗauka wulaƙanci ne balle ka ɗauko waya ka fara ɗaukar bidiyo. Ka tambaye ta halin da ake ciki cikin mutunci, ka bar ta ta koma bakin gado.