Sarkin Kano Muhammadu Rumfa

Duk wanda ya hau Dala ya dubi kudu zai hangi aikin Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Sarakunan farko kusa da dutsen nan suka zauna, shi kuwa ya gina fadar da har wa yau muke kira Gidan Rumfa. Ya ƙara faɗin ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, fatake da masu sana'a suka yi ta kwararowa neman abinci.

Wajen 1492 wani baƙon malami, Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano. Sarki ya karɓe shi da girmamawa, ya nemi shawararsa. Malamin ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, watau su saurari kukan talakawa da kansu, su tara dukiya ta hanyar halal kaɗai, su ba matalauta rabonsu. A zamaninsa aka sare itacen da ake bauta wa, aka gina masallaci a gurbinsa. Ya kuma kafa majalisar Tara ta Kano.

Ba mu ce ba shi da aibi ba, gama ya shekara 11 yana yaƙi da Katsina, babu wanda ya rinjayi wani. Amma mu da za a ba amanar jama'a, ya kamata mu tuna Kano ta ƙasaita ne sa'ad da sarkinta ya saurari baƙo. Allah ya ji ƙansa, amin.