Taƙaitaccen Tarihin Abdullahi Ɗan Mubarak, Malamin Marwa

Da sunan Allah muke farawa, muna gode Masa, muna kuma yin salati ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mun ga ya kyautu mu kawo wa 'yan'uwa a cikin wannan ɗan littafi labarin wani bawan Allah wanda ya bar duniya fiye da shekara 1,200 da suka wuce, watau Abdullahi ɗan Mubarak, Allah Ya ji ƙansa. Malami ne babba, attajiri ne, jarumi ne kuma a fagen fama, amma abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne irin yadda yake yi wa mutane alheri. Masu kyauta suna da yawa a tarihi. Shi dai abin da ya bambanta shi da su, idan zai taimaki mutum sai ya fara tunanin yadda zai tsare masa mutuncinsa, don kada ya karɓa yana sunkuyar da kai.

ASALINSA DA NEMAN ILMINSA

An haifi Abdullahi a shekara ta 118 bayan Hijira, daidai da 736 Miladiyya, a birnin Marwa ta ƙasar Hurasan. Kufan wannan birni yana cikin ƙasar Turkumenistan ta yau. Mahaifinsa Mubarak Baturke ne, bawan wani falke daga Banu Hanzala, mahaifiyarsa kuwa mutuniyar Hawarizma ce. Ke nan ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma ɗan gidan malamai ba. Yana yaro ɗan shekara 14 mulkin Musulunci ya fita daga hannun Banu Umayya ya koma hannun Abbasiyawa, a shekara ta 132, kuma daga wajajen garinsu Marwa aka fara ɗaga tutar wannan juyi.

Sai da ya kai kimanin shekara 20 sa'an nan ya duƙufa ga neman ilmi, amma da ya kama bai saki ba. A shekara ta 141 ya fita yawon karatu, ya shiga Iraƙi da Hijaz da Sham da Masar da Yaman, yana bin malamai ƙofa ƙofa. Ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina, da Abu Hanifa da Sufyanus Sauri mutanen Kufa, da Auza'i malamin Sham, da Ma'amar a Yaman. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da muke karantawa a ƙasashenmu, ya kawo tarihinsa cikin almajiran Malik a littafinsa Tartibul Madarik. Hadisan da ya ruwaito suna nan cikin Buhari da Muslim da sauran littattafan nan shida. Shi kansa ya wallafa littattafai, daga ciki akwai Kitabuz Zuhdi, da Kitabul Jihadi, da wani a kan biyayya ga iyaye da sada zumunci.

FATAUCINSA

Duk da wannan ilmi, Abdullahi bai zauna yana jiran sadaka ba. Fatauci yake yi, yana ɗauko kaya daga Hurasan zuwa Makka da sauran ƙasashe. Masu tarihi sun ce jarinsa ya kai wajen dirhami 400,000, kuma abin da yake rabarwa ga mabukata a shekara ya kai dirhami 100,000. Wata rana abokinsa Fulailu ɗan Iyal, wanda ya shahara da gudun duniya, ya tambaye shi yaya yake umurtar mutane da zuhudu ga shi kuwa yana safarar kaya. Ya amsa masa da cewa yana yi ne don ya tsare fuskarsa daga roƙo, ya kare mutuncinsa, ya kuma sami abin da zai taimaka masa ga yi wa Ubangijinsa ɗa'a.

Akwai malamai da almajirai da yawa waɗanda shi ne yake ɗauke da nauyin cinsu da suturarsu, shi Fulailu ɗin ma yana cikinsu. Har aka zarge shi da cewa yana kai dukiyarsa wasu garuruwa yana barin mutanen garinsu. Ya bayyana cewa ya san inda wasu mutanen kirki suke, waɗanda suka nemi ilmin hadisi suka kyautata nema, talauci kuwa ya kama su. In an ƙyale su ilminsu zai tozarta, in an tallafe su za su yaɗa shi ga al'umma.

AKWATIN ALHAZAN MARWA

Mafi shahara cikin labaransa shi ne na tafiyar Hajji. Idan lokaci ya gabato, sai mutanen Marwa su zo su roƙe shi su tafi tare. Ya san da zai ce musu shi zai ɗauki nauyinsu, da masu jin kunya sun fasa, waɗanda suka bi shi kuwa sun tafi suna jin kansu 'yan cin arziki. Saboda haka sai ya ce kowa ya kawo guzurinsa. Ya karɓa, ya rubuta sunan kowa a kan jakarsa, ya zuba cikin akwati ya kulle.

Sa'an nan ya yi musu hayar abin hawa, ya fita da su daga Marwa zuwa Bagadaza, yana ciyar da su abinci mafi daɗi a kowane zango. Daga Bagadaza ya kai su Madina cikin kyakkyawar shiga. A can sai ya bi su ɗaya ɗaya yana tambaya, wace tsaraba iyalinka suka ce ka sayo musu daga Madina. Kowa ya faɗi, ya saya masa. In an gama aikin Hajji a Makka ya sake yin haka. Su kuwa duk zatonsu daga cikin kuɗinsu ake kashewa. Da an komo gida sai ya sa a shafe musu gidajensu da ƙofofinsu da farar ƙasa. Bayan kwana uku ya shirya musu walima, ya yi musu sutura. In sun ci sun ƙoshi sai ya ce a kawo akwatin nan, ya buɗe, ya miƙa wa kowa jakarsa da sunansa a kai, ko anini bai yi ciwon kai ba.

Mai karatu ya dubi wannan dabara da kyau. Tafiya ce ta watanni, kuma tun daga fita har komowa babu wanda ya ci loma ɗaya yana jin nauyin mai ba shi. Sai da aka gama kome, babu sauran damar ƙi, sa'an nan suka gane abin da ya faru.

Irin wannan ya yi wa wasu masu ibada da suka raka shi zuwa Masisa, wani gari na kan iyaka da Rumawa. Ya lura suna jin kunyar a ciyar da su, sai ya sa yaronsa ya kawo tasa, aka rufe ta da ƙyalle, ya ce kowa ya sa hannu ƙarƙashin ƙyallen ya jefa abin da yake da shi, yadda ba wanda zai ga abin da wani ya jefa. Wani ya sa dirhami 10, wani 20. Ya yi ta ciyar da su har suka isa, sa'an nan ya ce a raba abin da ya rage, ya riƙa ba kowa dinari 20. Dinari kuwa zinariya ne, dirhami azurfa. Da ɗayansu ya ce shi fa dirhami 20 kaɗai ya sa, sai Abdullahi ya nuna masa cewa ba abin mamaki ba ne Allah Ya sa albarka ga guzurin mai fita saboda Shi. An kuma ruwaito cewa a tafiye-tafiyensa akan ware raƙumi guda don kayan abinci kaɗai, da nama da kaji da kayan zaƙi, yana ciyar da mutane alhali shi yana azumi cikin tsananin zafi.

SAURAYIN RAƘƘA

Abdullahi yakan yawaita zuwa ribaɗi a Ɗarsus, wadda take kudancin Turkiyya ta yau. A kan hanya yakan sauka a wani masaukin fatake a Raƙƙa, bakin kogin Furatu. Akwai wani saurayi a nan da yake zuwa yana yi masa 'yan aikace-aikace, yana kuma sauraron hadisi daga gare shi. Wata shekara ya sauka bai ga saurayin ba, ga shi kuwa yana cikin gaggawa, sai ya wuce. Da ya komo ya tambaya, aka ce masa yana kurkuku saboda bashin dirhami 10,000.

Ya yi ta bincike har ya gano mai bin bashin. Ya kira shi da dare, ya auna masa kuɗinsa cif, ya rantsar da shi cewa ba zai faɗa wa kowa ba muddin shi Abdullahi yana raye, ya ce da safe a saki yaron. Kafin gari ya waye ya ɗaura kayansa ya bar garin. Da saurayin ya fito aka gaya masa malaminsa ya zo har ya yi cigiyarsa, sai ya bi sawu ya tarar da shi bayan zango biyu. Abdullahi ya tambaye shi inda ya shiga, kamar bai san kome ba. Saurayin ya ba shi labarin kurkuku, da wani mutum da bai sani ba wanda ya biya masa. Malamin bai ƙara da kome ba sai umurtarsa da ya gode wa Allah. Sai bayan rasuwarsa mai bin bashin ya buɗe baki.

YARINYAR BAKIN JUJI

Ibnu Kasir ya kawo wani labari a littafinsa Albidaya Wannihaya. Wata shekara Abdullahi ya fita zuwa Hajji, a wani gari sai wani tsuntsu da suke tafe da shi ya mutu, aka jefar da shi a juji. Ayari ya yi gaba, shi ya ɗan dakata a baya. Sai ya ga wata yarinya ta fito daga wani gida, ta ɗauki mushen ta ƙunshe, ta koma da sauri. Ya bi ta ya tambaye ta. Ta gaya masa ita da ɗan'uwanta ne kaɗai, an zalunci mahaifinsu an ƙwace dukiyarsa an kashe shi, ba su da abinci sai abin da aka zubar a juji, yunwa ta kai su inda mushe ya halatta gare su.

Nan take ya sa aka komo da kaya. Ya tambayi wakilinsa nawa ne guzurinsu, ya ce dinari 1,000. Ya ce a ware 20 da za su mai da su Marwa, a ba yarinyar sauran, domin wannan ya fi Hajjinsu na bana. Ya juya gida. Ya kamata a sani cewa ya riga ya sauke farali, wannan tafiya ta nafila ce, shi kuwa malami ne da ya san abin da ya kamata a gabatar.

ƘANANAN AYYUKA

Kada wanda ba shi da dinari 1,000 ya ce wannan labari ba nasa ba ne. Shi Abdullahi da kansa bai raina ƙaramin alheri ba. Ya taɓa aron alƙalami a Sham ya manta bai mayar ba, sai da ya isa Marwa ya gan shi cikin kayansa, ya koma har Sham ya miƙa wa mai shi. Wani mutum ya yi atishawa a majalisarsa bai yi hamdala ba. Maimakon ya tsawata masa cikin jama'a, sai ya tambaye shi me mai atishawa yake faɗi. Da mutumin ya faɗa, sai ya yi masa addu'ar da akan mayar. Tirmizi ya ruwaito cewa ya fassara kyakkyawan hali da abubuwa uku, sakin fuska, da bayar da alheri, da kame hannu daga cutar da mutane.

Wata rana suna wurin yaƙi ya tambayi abokansa ko sun san aikin da ya fi wanda suke ciki. Suka ce ba su sani ba. Ya ce shi ya sani: magidanci mai iyali, mai kame kai daga roƙo, wanda ya farka cikin dare ya ga 'ya'yansa sun yaye mayafi, ya lulluɓe su da tufarsa. Mutumin da ya sha karo da Rumawa a fagen daga shi ne yake faɗin haka.

RASUWARSA

A ƙarshen rayuwarsa ya shiga Raƙƙa lokacin da Halifa Haruna Rashid yake can. Mutane suka yi tururuwa zuwa tarbarsa har ƙura ta tashi, takalma suka tsintsinke. Wata daga cikin matan fada ta leƙo daga bene ta tambayi dalili, aka ce wani malamin Hurasan ne ya iso. Sai ta ce lalle wannan shi ne mulki, domin Haruna ba ya tara jama'a sai da dogarai.

Allah Ya karɓi ransa a watan Ramalan na shekara ta 181, daidai da 797 Miladiyya, a garin Hita na bakin Furatu cikin ƙasar Iraƙi, yana komowa daga ribaɗi, yana da shekara 63. An ce da ajali ya gabato ya umurci baransa Nasru ya ɗora kansa a kan ƙasa, don yana fata ya mutu mutuwar talakawa. Da labari ya isa fada, Halifa da kansa ya zauna karɓar gaisuwa.

To, 'yan'uwa, Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma gori yana ɓata shi, shela tana rage masa daraja. Kowannenmu yana da maƙwabci mai jin kunyar roƙo, ko abokin tafiya da guzurinsa ya gaza, ko yaron da ya saba gani a unguwa ya daina ganinsa. Abdullahi ɗan Mubarak yakan lura, ya tambaya, ya taimaka, sa'an nan ya yi shiru. Allah Ya gafarta masa, Ya ba mu ikon koyi da shi, amin.