Alhassan Ɗantata: Falken Da Ya Ga Ƙarshen Zamanin Ayari

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877. Zuriyarsa Agalawa ce, fatake da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa Amarya kuma ta ƙaura zuwa Ankara, a ƙasar Gana ta yau. Wata tsohuwa mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan laƙabinsa ya samo asali.

Bai tashi cikin daula ba. Ya yi almajiranci, sannan a yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 aka kama shi bawa, ya fanshi kansa daga baya. Da ya samu 'yanci, sai ya rungumi sana'ar gado. A wancan zamani ayarin jakuna kan shafe watanni a hanyar Gwanja, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga goro da ke lalacewa kafin a iso gida.

Abin da zai rushe wannan tsari kuwa an ƙera shi tun da daɗewa a Birtaniya. A 1769 James Watt ya yi rajistar injin tururi da ya inganta, a 1825 kuma jirgin ƙasan George Stephenson ya fara jan kaya da fasinja a Ingila. Injin ya shiga jiragen ruwa, ya kuma motsa masaƙu da masana'antun sabulu masu ƙishirwar auduga da man gyaɗa.

Ɗantata na cikin fataken Hausawa na farko da suka fahimci inda iska ta dosa. Maimakon bin sawun jaki, sai ya koma ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Turawa sun shimfiɗa dogon ne da fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha, amma manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, Ɗantata kuwa yana da yara a ko'ina. A 1918 ya zama wakilin Kamfanin Neja wajen sayen gyaɗa. Ana danganta masa fara tara buhuna a matsayin dalar gyaɗa. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma ashirin.

A wannan shekarar ce dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Abin da ya faru a Kano ya maimaitu a Zamfara: Gusau ta zama matattarar gyaɗa da auduga daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, kantunan Turawa da injin gurzar auduga suka kafu, baƙi suka kwararo neman aiki.

Sai dai ci gaban bai zo kyauta ba. Madugai sun rasa martabarsu, yadin waje ya matse masaƙa da marina, farashin amfanin gona kuma ya koma hannun kasuwannin Turai. Manomin da ya cika gonarsa da gyaɗa don biyan haraji kan wayi gari da rumbu ba hatsi.

Ɗantata ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi attajiri mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Dalar gyaɗa ta ɓace, tashar jirgin Gusau ta yi tsit, amma gidan da ya kafa bai rushe ba: Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne.