King Gillette, Ɗan Tallan da Ya Kai Aski Ɗakin Kowa

Daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan, da wuya ka sami mai tireda da ba ya sayar da reza. Yaro ya saya ya feƙe fensir, tela ya farke ɗinki, wanzami ma yau sau da yawa ita yake ɗaura wa askarsa. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa wannan ɗan siririn ƙarfe ya ci wa wani mutum shekara shida yana fama, mutane suna masa kallon mai taɓin hankali.

Sunansa King Camp Gillette. King ɗin nan suna ne kawai, ba sarauta ba. An haife shi ran 5 ga Janairu 1855 a garin Fond du Lac na jihar Wisconsin a Amurka, ya tashi a Shikago. Yana ɗan shekara 16 gobarar 1871 ta cinye birnin, ta haɗa da dukiyar mahaifinsa. Dole ya fita neman na kansa, ya zama ɗan talla mai yawo gari-gari da kayan kamfanoni.

Cikin wannan yawo ya kama aiki da William Painter, mutumin da ya ƙirƙiro marfin kwalbar lemo, irin wanda muke ɓallewa mu yar. Painter ya ba shi shawara ya nemo wani abu makamancin haka, wanda za a yi amfani da shi a yar, gobe a dawo a sake saye. Maganar ta zauna masa.

A wancan zamani aski a Amurka kamar namu na da ne. Ko dai ka je wurin mai aski, ko ka mallaki aska wadda sai an wasa ta a dutse an goga a fata. Akwai rezar 'yan'uwan Kampfe mai kariya tun wajen 1880, amma ita ma bakinta kauri gare shi, sai an wasa. A 1895, yana shekara 40, Gillette ya tsaya aski da safe ya tarar askarsa ta dakushe. Nan tunanin ya zo masa: ai bakin ne kawai ke aiki, sauran ƙarfen duk riƙo ne. To me zai hana a yi bakin shi kaɗai, siriri, mai kaifi biyu, mai arha, a ɗaure shi a mariƙi, in ya dakushe a sa wani?

Faɗa da baki ba wuya. Masana ƙarfe da ya tuntuɓa suka nuna masa ba za a iya taurara ƙarfe mai sirantar takarda har ya riƙe kaifi ba, balle a yi shi da arha. Haka ya yi ta buga-buga har ya haɗu da William Nickerson, wanda ya yi karatu a makarantar fasaha ta MIT. Nickerson ne ya gano yadda za a taurara ƙarfen, ya kuma ƙera injinan wasa shi. A nan ya kamata mu 'yan foli mu buɗe kunne. Sunan Gillette ne a jikin kwali, amma ba don mai aikin hannu ba, da dabarar ta mutu a takarda.

Suka kafa kamfani a Boston a 1901. A 1903 duk abin da suka sayar mariƙi 51 ne da reza 168. Wani da tuni ya tattara ya koma talla. A 1904 suka sayar da mariƙi sama da 90,000, kuma a Nuwambar shekarar gwamnati ta ba shi takardar mallakar fasaharsa. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, aka raba wa sojojinta mariƙi miliyan uku da rabi. Suka dawo gida sun saba da aske kansu, kasuwa ta buɗe. Hotonsa da gashin bakinsa a takardar reza ya zaga duniya.

Abin mamaki, mutumin da gasar kasuwa ta azurta bai yarda da gasar ba. Tun 1894 ya wallafa littafi mai suna The Human Drift, inda ya kawo shawarar a haɗe dukan masana'antu a kamfani ɗaya mallakar jama'a, a gina ƙaton birni guda da zai sha wuta daga ruwan Niagara. Daga baya har ya yi wa tsohon shugaban ƙasa Theodore Roosevelt tayin dala miliyan ɗaya ya shugabanci shirin. Roosevelt ya ƙi.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Ya zuba kuɗi a filaye da gine-gine a Kalifoniya, sai karyewar tattalin arziki ta 1929 ta zo ta share mafi yawan dukiyarsa. Ya mutu ran 9 ga Yuli 1932 a Los Anjalis, yana da shekara 77. Duniya kenan.

Kamfanin kuwa ya ci gaba. A 1958 ya fito da mariƙi mai lamba 1 zuwa 9 a wuya. In ka murɗa zuwa ƙaramar lamba, tazarar da ke tsakanin baki da kariya ta ragu, askin ya yi laushi. In ka ƙara lamba, bakin ya ƙara ci. Mai fama da ƙurajen aski ya fara daga ƙasa, ya jiƙa gemu da ruwan ɗumi da sabulu, ya bi yadda gashi ya kwanta, kada ya danna. In an gama a sassauta mariƙin, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, don danshi ke kawo tsatsa. A 2005 kamfanin Procter & Gamble ya saye Gillette a kan dala biliyan 57.

Akwai amfani ɗaya da ya fi mana duk waɗannan lambobi. Reza mai arha ta sa kowa zai iya mallakar tasa. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma ɗan yankan da ido bai gani ba ya isa. Don haka a hostel kada a yi aron reza, ko da ta aminin da kuke cin garau-garau a kwano ɗaya ce. In za ka wurin wanzami, tafi da sabuwa, ko ka ga an ɓare ta a gabanka.