Samuel Ajayi Crowther: Yaron da Aka Musanya da Doki

Karatu: Markus 10:45, 1 Bitrus 1:18-19, Romawa 3:23-26

A jiharmu ta Katsina ba sai an yi wa kowa fassarar kalmar fansa ba. Daga Kankiya zuwa Kusada, da wuya a sami wanda bai taɓa jin labarin gidan da aka sayar da gona ko shanu don a karɓo wani daga hannun masu garkuwa da mutane ba. Abu guda muka koya daga wannan baƙin ciki: wanda ke ɗaure a daji ba shi ke biyan kuɗin kansa ba, sai wani daga waje ya biya. Da wannan kalma ce Littafi Mai Tsarki ya bayyana aikin da Yesu Almasihu ya yi a kan gicciye. A wannan karon za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda ya san fansa a jikinsa kafin ya san ta a ruhunsa.

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, a inda yanzu yake Jihar Oyo. A shekara ta 1821, yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, mayaƙa masu farautar bayi suka auka wa garin da safe, suka cinna masa wuta. Aka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya. Mahaifinsa kuwa bai ƙara ganinsa ba har abada. Da aka zo rabon ganima, sai aka raba shi da uwarsa, aka musanya shi da doki. Dokin bai gamshi wanda ya karɓa ba, aka mayar da cinikin. Daga nan ya dinga fita daga wannan hannu zuwa wancan, har aka taɓa sayar da shi a bakin taba da barasa. Baƙin ciki ya kai shi ga neman hallaka kansa, amma Allah bai yarda ba.

A ƙarshe ya faɗa hannun Turawan Fotugal masu cinikin bayi a Legas. A watan Afrilu na 1822 aka loda shi cikin jirgin ruwa tare da wasu bayi fiye da 180, za a haye teku da su. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila masu sintirin hana cinikin bayi suka tare shi. Kyaftin Henry Leeke, mai jagorar jirgin Myrmidon, yana cikin waɗanda suka ƙwace su. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Ya ɗauka sababbin iyayengiji ne, har da ya ga tulin harsasan igwa a cikin jirgi ya zaci kawunan 'yan'uwansa ne. Haka mai zunubi yakan ji tsoron Mai Cetonsa kafin ya san shi.

Aka sauke su a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda ake zaunar da 'yantattun bayi. 'Yan mishan na ƙungiyar CMS suka karɓe shi, cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. A nan ne ya gane wani abu da ya riƙe har mutuwarsa. An cire masa sarƙa daga wuya, amma akwai wata sarƙar da sojan ruwa ba su da mabuɗinta. Ubangiji ya koyar a Yohanna 8:34 cewa aikata zunubi bauta ce, mai yinsa kuwa bawa ne. Fiye da shekara uku bayan 'yantar da jikinsa, ranar 11 ga Disamba 1825, aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Daga baya, cikin wata wasiƙa da ya rubuta a 1837 game da kamunsa, ya nuna cewa ranar da ya fi baƙin ciki a duniya ita ce kuma Allah ya mai da ita ƙofar fitarsa daga bautar zunubi da Shaiɗan.

Mu dakata a nan mu fahimci kalmomi biyu. Fansa ita ce biyan diyya don a 'yantar da wanda yake a hannun wani. A Littafin Firistoci 25:47-49, in talauci ya sa Ba'isra'ile ya sayar da kansa ga baƙo, ɗan'uwansa na jini yana da iko ya fanshe shi. A ƙasar Hausa ma, a zamanin bauta, bawa yakan yi aiki ya tara wuri har ya fanshi kansa. Bawan zunubi kuwa ba shi da abin tarawa, domin duk aikin kirkin da zai yi dama hakkin Allah ne a kansa, ba rara ba ce da za ta biya tsohon bashi. Shi ya sa Ɗan Allah ya zama mutum, ya zama ɗan'uwanmu na jini, don ya sami ikon fansarmu.

Kafara kuma ita ce kawar da laifi ta wurin hadaya, domin a sulhunta mai laifi da wanda aka yi wa laifin. A Firistoci 16, sau ɗaya a shekara babban firist yakan kawo bunsuru biyu. A yanka ɗaya a shiga da jininsa Wuri Mafi Tsarki, ɗayan kuma a furta zunuban jama'a a kansa a kore shi jeji. Ana maimaita wannan kowace shekara domin jinin dabba ba ya kawar da zunubi. Ibraniyawa 9 da 10 sun nuna cewa Yesu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, aikin ya ƙare. Kada wani ya ɗauka Shaiɗan aka biya, kamar yadda ake kai wa ɗan bindiga kuɗi a daji. Allah muka yi wa laifi, shari'arsa ce ta hukunta mu, shi ne kuma cikin ƙaunarsa ya tanadi hadayar. A gicciye adalcinsa da jinƙansa suka haɗu.

Wanda aka fansa ba ya zaman banza. A 1827 Crowther ya zama ɗalibi na farko a Kwalejin Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, aka yi mata baftisma da sunan Susan. A 1841 ya bi tawagar da Ingila ta aika Kogin Kwara, tare da James Frederick Schön, Bajamushen mishan wanda ya duƙufa kan koyon Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar, abin da ya sa CMS ta gane cewa 'yan Afirka ne za su kai wa Afirka bishara. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limamin ikilisiya a 1843.

A 1846 ya isa Abekuta don aikin bishara. A can, bayan kusan shekara 25 da rabuwa, ya sadu da mahaifiyarsa, Afala. A 1848 aka yi mata baftisma, aka sa mata suna Hannatu, sunan mahaifiyar annabi Sama'ila. Uwar da aka raba da ɗanta da igiya, ta bakin ɗan nan ta ji labarin Mai Fansa. Ya kuma jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, aikin da aka kammala a 1884.

A 1854 da 1857 ya sake hawa Kwara tare da Dokta William Baikie. A tafiyar 1857 aka kafa mishan a Onica, amma jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace. Crowther bai ɗauki wannan a matsayin asara ba. Ya yi amfani da zaman jiran wajen nazarin Nufanci da sanin mutanen ƙasar. Ranar 29 ga Yuni 1864, a babbar majami'ar Canterbury, aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ikilisiyar Angalika. Cikin masu kallo a ranar har da Henry Leeke, wanda jirginsa ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce.

Bayan shekara uku, fansa ta sake zama maganar rai da mutuwa a gare shi. A 1867, yana tafiya cikin kwalekwale a Kwara tare da ɗansa Dandeson, wani basarake mai suna Abokko ya kama su a yankin Ida, ya washe kayansu, ya tsare su kwanaki, ya nemi kuɗin fansa da ya kai fam 1,000. William Fell, mataimakin jakadan Ingila a Lakwaja, ya zo don ya karɓo su. Ya ƙi amincewa da cinikin mutum, ya ce su ruga cikin jirgi. Bishop da ɗansa suka tsira, amma kibiya mai dafi ta sami Fell, ya mutu kafin a kai gida. Crowther ya ƙara shekara 24 a duniya yana sane da cewa wani ya rasa ransa garin kuɓutar da shi.

Wannan hoto ne, amma bai kai ainihin abin ba. Fell ya fito ne da fatan komawa gida da rai, kuma bawan Allah ya je ceto. Yesu kuwa ya san mutuwa ce ke jiransa a Urushalima, ya nufe ta da yardar kansa. Romawa 5:8 ta nuna ya yi haka ne tun muna masu zunubi, ba bayan mun gyaru ba. Ishaya 53 ya riga ya faɗi cewa a kansa za a ɗora laifinmu. Kabari kuma bai riƙe shi ba. Tashinsa a rana ta uku shi ne shaidar cewa an karɓi diyyar.

Fansar nan ta bayyana a zaman Crowther da mutane. Mutumin da aka ƙona garinsu aka sayar da shi bai riƙe kowa a zuciya ba. Ya yi hulɗar mutunci da sarakunan Musulmi na ƙasar Nufe, musamman Etsu Masaba na Bida. Yakan kai musu Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya amsa tambayoyinsu daga Nassi, ba zagi ba gori. Amincin ya kai har Etsu Maliki ya aika masa saƙo yana roƙonsa ya taimaka a hana shigo da barasa ƙasarsa. Mu da muke kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, akwai darasi a nan: bai ɓoye gicciye ba, bai kuma mai da shi sandan dukan kowa ba.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da sauƙi ba. A 1890 waɗansu samarin mishan daga Ingila suka tuhumi ma'aikatansa 'yan Afirka, suka dakatar da waɗansu a gabansa a wani taro a Onica, har da ɗansa Dandeson, ba tare da girmama furfurarsa ko matsayinsa ba. Dattijon ya sauka daga shugabancin kwamitin, bai rama ba, bai kuma bar bangaskiya ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Da aka cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya furta tuban ikilisiyarsa a fili saboda abin da aka yi masa.

Crowther bai taka Kano ko Katsina ba, ko da yake ya yi marmarin bishara ta iso ƙasar Hausa. Abokin tafiyarsa Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, wani Bahaushe wanda shi ma 'yantaccen bawa ne. A kan irin wannan harsashi waɗansu suka ɗora, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Littafin da kake riƙe da shi ranar Lahadi, akwai gumin 'yantattun bayi a tarihinsa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mene ne farashinka? Duniya ta kimanta Ajayi da doki, da taba, da barasa. Allah kuwa ya kimanta shi da jinin Ɗansa, abin da Bitrus ya nuna ya fi azurfa da zinariya daraja. Kai ma farashinka ke nan, ko kana da gona ko ba ka da ita, ko an san gidanku ko ba a sani ba. In har yanzu kana ƙoƙarin biyan bashin zunubi da azumi, ko baiko, ko yawan zuwa sujada, ka sani waɗannan 'ya'yan ceto ne, ba kuɗinsa ba. Ka tuba, ka ba da gaskiya, ka karɓi abin da aka riga aka biya. In kuwa an fanshe ka, 1 Korintiyawa 6:19-20 tana tuna maka cewa yanzu kai mallakar wanda ya saye ka ne. Kada ka koma wa laya, ko maye, ko fasikanci, ko riƙon da aka fitar da kai daga cikinsu. Ruhu Mai Tsarki da aka ba ka shi ne hatimin mallakar, shi ne kuma ikon da za ka yi tafiyar 'yanci da shi.

Abin yi a wannan mako: ka ware lokaci ka yi addu'a domin waɗanda ke hannun masu garkuwa da iyalansu, Kirista da Musulmi. Ka tuna da mutum ɗaya da ka riƙe a zuciya, ka yafe masa. Ka gaya wa mutum ɗaya abin da Yesu ya biya dominsa.

Addu'a: Ya Uba, mun gode domin ba ka bar mu a hannun zunubi ba, ka aiko da Ɗanka ya zama fansarmu da kafararmu. Ka wanke mu da jininsa, ka cika mu da Ruhunka Mai Tsarki. Ka kuɓutar da waɗanda ke tsare a dazuzzukan ƙasarmu, ka juyo da zukatan masu tsare su. Ka ba mu zuciya mai gafara da bakin shaida, kamar yadda ka ba bawanka Crowther. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.