John Howard, attajirin Ingila da ya ƙare rayuwarsa yana leƙa gidajen kaso

A shekarar 1756 wani jirgin ruwa da ya taso daga Ingila zuwa Lisbon ya faɗa hannun Faransawa. Cikin waɗanda aka kama har da John Howard, ɗan wani attajirin London da aka haifa a 1726. An kai su Brest aka zuba su a kurkuku, suka yi kwanaki suna kwana kan ciyawa ga yunwa ga ƙishirwa. Daga baya aka sake shi ta hanyar musayar fursunoni, ya koma gonarsa a Cardington, kamar maganar ta wuce.

Sai a 1773, da aka naɗa shi babban jami'in shari'a na gundumar Bedfordshire, ya shiga gidan kason garin Bedford da ƙafarsa, aikin da masu wannan muƙami suka saba barin wa na ƙasa da su. Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali. Gandirobobi ba su da albashi, daga aljihun fursunoni suke ci. Saboda haka mutumin da alƙali ya wanke sai ya ci gaba da zama a tsare, don kawai ba shi da kuɗin sallama. Ya roƙi alƙalan gundumar su yanka wa gandirobobi albashi, suka ce sai ya kawo misalin inda ake yin haka. Ya zaga gundumomin maƙwabta neman misali, bai samu ba, sai ƙazanta da cunkoso da zazzaɓin da ke kashe 'yan kaso.

A 1774 ya ba da shaida gaban majalisar dokoki, aka yi dokoki biyu: ɗaya ta soke kuɗin sallama ga wanda aka wanke, ɗaya ta shafi tsabta da lafiya. Da kuɗinsa ya buga su ya aika wa gidajen kaso, ko da yake da yawa ba su bi ba. Littafinsa na 1777 kan halin kurkukun Ingila da Wales ba shi da kwalliya, awon ɗakuna ne da nauyin burodi da yawan mutane. A nan ƙarfinsa yake. Ya nemi a raba maza da mata, a samar da ruwa da iska da likita, a kuma riƙa aiko mai duba daga waje.

Ya ratsa Holand, Jamus, Italiya, Rasha da Turkiyya. A Paris an hana shi shiga Bastille. A 1786 da gangan ya hau jirgin da ake zargin yana ɗauke da annoba daga Izmir, don a killace shi a Venis ya ga yadda ake yi. A gida kuwa abin bai yi kyau ba. Mutum ne mai tsauri, kuma ɗansa tilo ya ƙare da taɓin hankali.

Zazzaɓin taifus ya kashe shi ranar 20 ga Janairun 1790 a Kherson, cikin Ukraine ta yau, a can aka binne shi. Buƙatunsa na ruwa, iska, likita da raba jinsi suna cikin ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara a 1955, waɗanda aka sabunta a 2015 da sunan Nelson Mandela.