Jacques Cousteau, Bafaranshen da ya yi gida a ƙasan teku

Kifin kwali da mata ke soyawa a Sabon Gari, nan Maraɗi, daga teku yake zuwa. Cikin waɗanda suka nuna wa duniya yadda kifin teku ke rayuwa akwai Jacques Cousteau, sojan ruwan Faransa mai jar hula, wanda aka haifa a 1910. A 1943 shi da injiniya Émile Gagnan suka ƙera na'urar da mai nutso ke goya tulun iska yana numfashi.

Farkon aikinsa akwai ɓarna. A fim ɗinsa na 1956 mutanensa sun tayar da nakiya a kan dutsen murjani don kawai su ƙirga matattun kifaye. Daga baya ya koma mai kare teku.

A 1963 ya kafa ɗakunan ƙarfe a ƙasan Bahar Maliya, kusa da Port Sudan, ruwan da alhazanmu na da suke ƙetarewa zuwa Jidda. Mutanensa suka yi wata guda ciki, a zurfin mita 10. Da suka tashi sun bar wata rumfar ƙarfe, murjani ya lulluɓe ta (murjani fa dabba ce mai rai), kifaye suka mayar da ita gida. Da irin wannan dabarar ake nutsar da tsofaffin jirage don kifi ya samu maɓoya. Sai dai kifayen da suka taru sukan cinye tsutsotsi da ƙananan halittun yashin kewaye, masunta kuma su gane inda za su jefa koma.

Cousteau ya rasu a Paris ranar 25 ga Yuni, 1997.